Wake Kwano Ɗaya, Manoma Unguwa Guda

Mu mutanen Yerwa, wato Maiduguri, akwai wani zazzaɓi da ke kama mu duk shekara, kuma babu wanda ya taɓa neman maganinsa. Da zarar hadari ya haɗo daga gabas wajen ƙarshen Yuni, guguwa ta gama zuba mana yashi a ido da cikin miya, aka yi ruwan farko ƙasa ta tashi da ƙamshin nan nata, shi ke nan kowa ya zama manomi. Ma'aikacin sakatariya manomi, mai Keke Napep manomi, malamin jami'ar da rabonsa da riƙe fartanya tun yana firamare manomi, har amaryar da aka kawo watan jiya ta fara zagaya bayan ɗaki tana auna inda za ta "ɗan zuba wani abu". Wani abun nan kuwa wake ne. Daga Gwange har Bulumkutu, daga Bolori har Fori, leƙa ta saman katangar kowa za ka gani. Kada ka ce ba ka leƙe, mun sha haɗa ido da kai muna leƙen naka.

In ka ji an ce gona, kada ka ɗauka sai an hau mota. Wani lungu ne tsakanin bayi da tankin ruwa, inda a da ake jibge karyayyun kujeru da tsohon murhu. Wanda ya shafe tsakar gidansa da siminti, wanda bara yake bugun ƙirji wai ya rabu da yashi har abada, yau shi ne ke biyan yara su turo masa yashin a baro, yana ɗurawa a buhun siminti da bokitin fenti da tayar mota da jarkar da aka fille wa kai. Amma ka yi sallama ka ce, "Hajiya, Alhaji na ciki?" sai a ce maka, "Yana gona." Kai kuma da yake halinku ɗaya, ko murmushi ba za ka yi ba, sai ka ce, "Allah ya ba da yabanya, bari in jira shi," alhali kana jiyo tarinsa.

Iri ba ma saye. Abin kunya ne a ce mutum ya fitar da kuɗi don irin wake a garin da buhunansa ke jibge a Muna da Gamboru da Kasuwar Monday. Idon uwargida ake faka a zura hannu a na girki, a damƙo, a tsince manyan ƙwayoyi, farare tas ko jan nan namu na Barno da 'yan Kudu ke rububi. Masu sani sun ce ƙwaya biyu ko uku ake sakawa a rami, zurfin gaɓar yatsa biyu, a bar fili tsakanin rami da rami. Mu goma muke watsawa, wai in wasu sun ƙi wasu za su yarda. Kwana huɗu ko biyar sai ga su duka goman sun ɓullo suna turereniya, mu kuma tausayi ya hana mu cire ko ɗaya.

Daga nan sai gata. Wake ba ya son gata, mu kuwa ba mu iya ƙauna babu ɗura ba. Tuge guda ka duba saiwarsa, za ka ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle. Fasa ɗaya, in ka ga cikinsa jaja-jaja to aiki yake yi. Wasu ƙananan halittu ne ke zaune a ciki suna kamo sinadarin naitirojin daga iska suna ba shi, shi ya sa manomin gaske ke surka shi da gero, ko ya sa wake bana ya bi shi da gero baɗi. Mu sai mu kwaso ɗanyen kashin kaji mu lafta masa, mu ƙara da na tumaki, in wani ya sam mana takin zamani a ƙullin leda shi ma mu zazzage. Sai ka ga ya yi kore shar, ya yaɗu, ya kama igiyar shanya, ya haye katanga ya leƙa gidan maƙwabta, fure kuwa ko na rantsuwa babu. Ga shi kuma yawancin waken kasuwa mai yaɗo ne, ba ya fure don ka matsu, sai ya ga yini ya fara gajarta a ƙarshen damina, Satumba zuwa Oktoba, sa'an nan ya yarda. Na tsaye, irin waɗanda cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya da IITA ta Ibadan suka fitar, shi ne ke fure a kwana arba'in da 'yan kai, ya nuna a sittin zuwa saba'in da wani abu, ba ruwansa da tsawon yini. Duk an gaya mana wannan, a rediyo ma an sha faɗa. Amma in aka zauna a majalisa bayan la'asar, hukunci ɗaya muke yankewa: baki ne. Ai ran nan wance ta shigo aron turmi ta ce, "Kai, wannan wake ya yi kyau!" ba ta ce tubarkalla ba.

Babu mai kama sunan dogon yaro. Ina za mu iya, garin nan da me muke taƙama in ba inuwarsa ba? A gindinsa muke shuka, don nan ne mu za mu ji daɗin tsugunawa. Shi waken da ke son rana tun hantsi har la'asar, babu wanda ya nemi shawararsa.

Wannan duk ƙaramin laifi ne. Babban yana wurin waɗanda waken gida ya yi musu ƙauyanci, kuma in an bi a hankali kowannenmu ya taɓa shiga sahunsu. Koren nan muke so, fis, wanda ake barbaɗawa a soyayyiyar shinkafar biki tare da karas, yara su tsince su tara a gefen faranti, mu iyaye mu bi mu cinye don kuɗinmu ne. To fis ɗan sanyi ne. Jos ce ƙasarsa a nan, inda tudu ya kai wajen mita 1,200, daga can ake loda shi a Farin Gada tare da kabeji da dankalin Turawa, ya biyo ta Bauchi da Potiskum da Damaturu ya iso mana a galabaice. Mu muna can ƙasa, mita 300 da 'yan kai, a garin da zafin Afrilu ke haure digiri 40 ba tare da ya nemi afuwar kowa ba. Shi kuwa fis zafi na kusantar 30 sai ya yi zuciya ya zubar da fure. Ƙofa ɗaya ce gare shi a Maiduguri, ita ma ƙarama: a shuka busasshen iri a Nuwamba, hunturu ya raine shi, a kafa masa 'yan karare ya kama, a tsinke a Janairu kafin iska ta juya. Ko a hakan sanyinmu na dare ne da asuba, rana na ɗagawa take komawa halinta. Wanda ya dace sosai ya samu cikin kofin shayi.

To yaushe muke shukawa? Ranar da muka ga bidiyon wata Baturiya a waya tana tsinkar nata a kwando, ko da a tsakiyar Maris ne. Wasu ma, ba sai an kama suna ba, ɗanyen da aka sayo na girki suke binnewa, wanda bai ƙosa ba balle ya bushe. Ana ma raɗe-raɗin akwai wanda ya gwada na gwangwani, dafaffe, ya yi mako yana ba shi ruwa safe da yamma. Shuka a idon makwarwa ta fi wannan, ko ba komai ita makwarwar ta ƙoshi.

In kuwa Allah ya sa ya tsiro, baƙin gidan sun shiga uku. Wanda ya zo gaisuwa, wanda ya zo karɓar bashi, mai gyaran famfo, kowa sai an ja shi bayan ɗaki ya gani, an ɗauki hoto an sa a WhatsApp an rubuta "Alhamdulillah". Waken gida na gefe yana ta zuba 'ya'ya babu mai ce masa sannu. Ga shi Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita, ga shi shi ne ƙosanmu na safe, shi ne alale, shi ne ɗan wake, shi ne garau-garau, in azumi ya zo kuwa gidan da ba a jiƙa shi da azahar ba sai a tambaya ko lafiya. Amma hoto na baƙo ne.

Zancen ruwa a yi shi ƙasa-ƙasa kada mai cefane ya ji. Daminarmu gajeruwa ce, wata uku zuwa huɗu, milimita 500 zuwa 600 in shekara ta zo daidai, kuma yashin garin nan ba ya riƙe amana, ka zuba yanzu ka juya ka dawo ya shanye ya ce bai gan ka ba. Da damina sama ke ɗaukar nauyi. Da rani kuwa mai moya, mai sayar da ruwa, shi ne ke dariya. Gidan da ake yi wa yaro faɗa don ya yi wanka da cikakken bokiti, a gidan ne ake ware wa wake jarkarsa kullum, kuma in aka tara kuɗin jarkokin nan sun isa a sayo abin da ya ninka wanda za a girba a kasuwa, har a ba ɗan dako nasa. Masu dabara suna tara ruwan alwala da na wankin shinkafa, wannan ya yi. Marasa dabara suna kwara ruwan wanki mai kumfa, ganye ya ƙone su ce rana ce. Ko lokacin da gari ya zauna cikin duhu daga farkon 2021, da aka lalata turakun da ke kawo mana wuta, injin burtsatse ya koma sai da mai ko sola, ruwa ya yi tsada, ba mu fasa ba.

Sai kuma Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle kogin Ngadda ya shigo gari cikin dare. Wannan ba abin raha ba ne, an rasa rayuka, an rasa gidaje, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mayar wa kowa da alheri. Abin da ya kawo shi cikin zancen nan shi ne, ruwa na janyewa, tun ba a tayar da katangu ba, akwai masu damƙar laka suna murzawa a hannu suna cewa, "Wannan ƙasa za ta yi wake."

Masu irin wannan magana ba mu 'yan birni ba ne. Mutanen da rikici ya koro ne daga Baga da Kukawa da Monguno da Marte tun wajen 2014, waɗanda suka tashi suna bin Tafkin Chadi in ya ja baya, suna shuka wake a danshin da ya bari, babu ruwan sama babu ban-ruwa, su cika motoci. Da yawa sun koma, da yawa kuma sun zama 'yan unguwa, mun haɗa aure mun haɗa rigima. Kowace unguwa tana da tsohuwarta irin wannan, wadda a da take ƙirga amfaninta da buhu, yau tana kallonmu muna ƙirga namu da kwanso. Sai ta shigo ta tsaya a kan gonarka ba ta ce uffan ba, ta sunkuya ta fara tuge takwas daga cikin goman da ka cusa, kana "Iya! Iya! Haba Iya!" tana "Bar ni, ɗana, cunkoso ko ga mutane wahala ne, tambaye ni." Ranar sai ka kwana kana jin haushinta, bayan mako uku ka fara gaya wa mutane dabararka ce. Ita ce za ta ba ka labarin shekarun da aka hana shuka dogon amfani irin dawa da masara a kewayen wasu garuruwa saboda tsaro, wake da gyaɗa suka riƙe mutane don ba su da tsawon da za su ɓoye kowa. Mu ɗin ma da muke kiran kanmu 'yan birni, tona kaɗan za ka tarar kowa na da gonar kakansa a wani ƙauye da ya yi shekaru bai taka ba, yana ta cewa sai hanya ta ƙara gyaruwa. Bokitin fentin nan da kake yi wa dariya, mai shi ya san abin da yake tunawa in ya tsuguna a gabansa da asuba.

Ban da Iya, sauran masu ba da shawara duk irinmu ne, kuma ba sa jiran a tambaye su. Wannan ya ce toka, wancan ya ce fitsarin zomo ya gani a Facebook, wani ya ce a tsinke kan, wani ya ce duk wanda ya tsinke kan ya kashe shi. Wanda nasa ya mutu tun yana ganye huɗu shi ya fi kowa ɗaga murya. Mu kuma don kada a ɓata wa kowa, duka muke yi a rana ɗaya.

Sai akuya. Akuyar unguwa ba ta da mai ita sai ranar da aka jefe ta. Kwana arba'in kana raino, fure ya fara buɗewa da safe, yaro ya fita sayen sukari ya bar ƙofa a buɗe, kafin ka sallame nafila an yi maka aski. A fito waje a ɗaga murya, a tuno abin da ya faru tun ranar sunan wane, a rantse sai an je gaban Bulama. A je kuwa, ya saurari kowa, ya ce a yi haƙuri zaman tare ne, don shi ma nasa waken tasa akuyar ce ta cinye bai samu wanda zai kai ƙara ba. Matsalar ita ce a unguwar nan kowa mai wake ne kuma kowa mai akuya ne. Da safe kai ne mai ƙara kana zancen haƙƙin maƙwabtaka, da yamma taka ta shiga gidan wani kana cewa, "Haba Malam, dabba ce fa, ta san na wani?" Kaji ma suna nasu tonon, ƙadangaru suna yanke 'yan tsiro, amma su ba a kai su gaban Bulama. Maganin da muka samo shi ne gidan sauron da aka raba mana don zazzaɓin cizon sauro. Wake na kwance a ciki lafiya lau, mu muna waje muna tafi da cinyoyinmu har asuba.

Fara kuwa tsakaninmu da ita sai Allah. Ka tarar ta huda maka ganye ka tsine mata tas, da magariba ka aiki yaro ya sayo maka soyayyiya a ce a cika yaji. Kowa ya ci na wani.

Ƙwarin gaske ba su da girman da za a rama a kansu. Darɓa ta lulluɓe kan tsiro baƙi ƙirin, wasu ƙanana da ido bai cika gani ba su shige cikin fure su zubar da shi, tsutsa ta huda kwanso ta zauna a ciki tana ci. Saboda wannan tsutsa aka fitar da irin da ake kira SAMPEA 20-T a Samaru a ƙarshen 2019, wanda aka sarrafa ƙwayar halittarsa don ta kasa cinsa, kuma har yau in ka ambace shi a majalisa sai ta rabu biyu, har da waɗanda ba su taɓa ganinsa ba. Ga 'ya'yan dogon yaro nan zube a ƙofar kowane gida, a daka a jiƙa su kwana a tace a yayyafa da yamma, a maimaita duk mako, suna rage ɓarna ƙwarai, amma abin da ba a saya ba ba ma yarda da shi. Ka tambayi kowa me ya sa yake shuka a gida, zai ce maka tsoron maganin da ake zuba wa na kasuwa yake yi, har ya tuna maka cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda yawan maganin ƙwari. Gaskiya ya faɗa. Mutumin nan kuma shi ne zai ga tsutsa ɗaya ya ruga ɗaki ya ɗauko fiya-fiyar sauro ya feshe abin da zai ci jibi.

Ƙirga kuwa mun iya. Akwai wani limamin Kirista a garin Brno na ƙasar Cek ta yanzu, Gregor Mendel, wanda daga 1856 zuwa 1863 ya zauna a lambun gidan ibadarsu yana shuka fis yana ƙirga masu santsi da masu yamutsewa, dubbai, har ya gano yadda 'ya'ya ke gadon kamannin iyaye. Mu ma kullum da safe ƙirgar muke yi, abin da muke ganowa dai daban ne. "Jiya goma sha bakwai na bari, yau goma sha huɗu. Wa ya shiga gona?" Yara su yi tsit, bakin ƙaramin kore.

Ranar girbi ba ta zuwa gaba ɗaya, don ba ma bari. Rabi tun yana ɗanye ake tsinke shi a tafasa da gishiri a zauna ana zuƙe kwanso, kuma a gaskiya duk wahalar nan ko don wannan ta biya, ba a sayar da irin wannan zaƙin a Gamboru. Abin da ya tsira ya bushe, a shanya a faifai, a sa yaro gadi, a ɓare, a auna. Kwano ɗaya in an yi sa'a, shi ma sai an girgiza ya taso. A nan ne rabo ke tashi: na surukai, na liman, na Iya, na maƙwabciyar da aka ce bakinta ne, don ta san bai kama ba. Kowa a aika masa a ɗan kofi da saƙon "ga na gonarmu, a taɓa albarka", shi ma ya aiko da nasa, wake ya yi ta zaga unguwa har wani ya karɓi nasa ya yaba. A majalisa kuwa kwanon nan girma yake yi. Ranar Asabar kwano ne, ranar Laraba ya zama uku, kafin Juma'a "ai da ba don akuyar gidan wane ba da rabin buhu ake magana". Babu mai ƙaryata wani, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kowa ya san girman bokitin ɗan'uwansa.

Ɗan abin da ya rage na iri shi ake yi wa tanadin sarauta. Ƙwaron wake tun yana kwanso yake sa masa ƙwai, shi ya sa za ka rufe shi lafiya ka buɗe bayan wata biyu ka tarar da huji da gari. Manoma suna da buhun nan mai riɓi uku, leda biyu a ciki buhu a waje, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara gwada dabararsa da maƙwabtanmu na Marwa a Kamaru, aka shiga yaɗa shi daga 2007. In aka ɗaure tam iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu ba tare da ɗigon magani ba. Akwai daga cikinmu wanda ya sayo buhun sukutum don cikin tafin hannu biyu. Robar lemo busasshiya da aka cika har wuya aka murɗe murfi aiki ɗaya take yi, amma mu sai mun ƙara toka da barkono, kuma duk bayan kwana uku sai mun buɗe mu duba ko iska ta shiga.

Abin da ba ma faɗa a majalisa shi ne ganyen nan da muka yi ta zagi don ya ƙi fure, shi ne ribar. A yanke shi tun bai zube ba, a naɗe, a jefa kan rufin kwano ya bushe, ya zama harawa, a haɗa da ƙowar da aka ɓare. Je ka tambayi kuɗin ƙullin harawa a Kasuwar Shanu ana saura mako biyu layya ka ji. Sai ga maƙwabcin nan da kuka je gaban Bulama ya yi sallama da magariba, yana sosa ƙeya yana kallon saman rufi.

"Alhaji, akuyar nan ce ta haihu, tagwaye, ga shi ba ta da nono sosai. Na ce ko za a ɗan taimaka da harawa."

"Wace akuyar? Mai baƙin kunnen?"

"Ita fa."

"Kai, yaro, ɗauko tsani."